Tafin Hannun Gwaggo Laraba a Bango

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Talata na yi kuskuren gaya wa Gwaggo Laraba, yayar babana, cewa za a cire ni daga ƙungiyar ƙwallon hannu ta makarantarmu. Malamar wasanni ta ba ni wata biyu: ko in iya daka tsalle in yi jifa ta saman masu tare gida, ko in koma laburare. Ni kuwa a ƙungiyar nan kaɗai nake da ƙawaye.

Ku da kuka san ta kun san ta buga ƙwallon nan da ƙuruciya, kuma har ta tsufa ba ta miƙa wa mutum abu, sai dai ta jefo. Lemo, makulli, har ludayi.

Washegari na je gidanta a Ƙofar Doka da littafi mai hotunan akwatunan tsalle da ƙarafan ɗagawa. Ta duba shafi biyu, ta yaba, ta cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburinta mai rawa. Sannan ta kife turmi a tsakar gida.

"Hau. Sauko. Hau. Akwatin Bature bai fi wannan ba, kuma shi ba ya daka."

Don ƙarfin kafaɗa, guga ashirin nake ja kullum daga rijiya. Sai da na yi mako uku na lura randunan gidan duk a cike suke, ta kuma sallami mai garuwa. Na yi ƙorafi ƙasa-ƙasa. Ta ce in nuna mata filin wasan da ake samun ƙarfi da lada lokaci guda.

Ranar da na fara jifa, mijinta Baba Malam ta tsayar a bakin zaure da faifai, wai mai tsaron raga. Bawan Allah da carbinsa a hannu! Ƙwallo ta tafi da hularsa har cikin akurki. Na kusa nutsewa don kunya, ita kuwa shi ta rufe da faɗa, wai don me ya runtse ido.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tafin hannu na shuni can saman bangon ɗakinta. Ta ce da safen nan ta yi shi, da tsalle ɗaya, tana da shekara sittin.

"Tsohuwa ta taɓa. Ke fa, malamar littafi?"

Kullum sai in shafa toka a hannu, in yi tsalle, in auna da tef ɗin tela, in rubuta. Na tsallake gwajin malamarmu, na yi shekara uku ina jefa ƙwallo a raga, amma tsakanina da shunin nan taƙi guda bai taɓa rufuwa ba.

Bara ta rasu. Bayan addu'ar bakwai na tsaya a gindin bangon, shunin na nan bai goge ba. Na tara ƙarfin hali na tambayi Baba Malam yadda mace mai ciwon gwiwa ta kai can.

Ya ɗaga kai ya dubi shunin.

"A kan turmi ta tsaya, Ummi, ni na riƙe mata shi. Ta ce in ta sa inda za ki iya kaiwa, a nan za ki tsaya. Allah ya yafe mata wannan, ya haskaka kabarinta, ya kai ta inda ba a buƙatar turmi."