Makullin da Ka Ba Ni Ajiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana da muke ciki ɗaya, yana da shekara sittin da bakwai. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a garejin gidansa, kusa da jar motarsa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Yaya, shekara talatin ka yi kana haɗa magani a asibiti, amma sai a zaman makokinka na san rabin abin da ka yi wa mutane. Wata tsohuwa ta zo tana kuka, ta ce ka taɓa biyo ta har bakin titi da farar rigarka, don ka lura ba ta gane sau nawa za ta ba jikanta magani ba. Ni kuwa ba sai an ba ni labari ba. Ina firamare mahaifinmu ya rasu, kai ka riƙe ni, kai ka tsaya min a karatu, kai ka nema min aure. Har furfura ta cika min kai, ɗalibaina suna ce min Malam, ba ka daina kira na Auta ba.

Da ka yi ritaya sai ka ba kowa mamaki, ka sayo tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Na yi maka tsiya iya son raina. Na ce tsoho mai jikoki bakwai, ina za ka zuba su? Ka ce bi da bi, kuma haka aka yi: kowace Lahadi da wanda za a zaga da shi. Motar tsere ce, amma ban taɓa ganin ka wuce mai keke da gaggawa ba.

Abin da ba ka yarda wani ya yi mata ba shi ne juyen man inji. Duk wata uku, ran Asabar, sai ka kira ni. Ka tayar da ita ta ɗan ɗumama don man ya saki jiki, ka hau da ƙafafun gaba kan katakan da ka sa kafinta ya yanka maka, saboda jak ɗin ɗaga mota ba ya shiga ƙarƙashinta. Ka shimfiɗa kwali, ka tura tsohon daro, ka kwanta da sifana. Filta, matatar man, kuwa sai ka shafa wa robarta sabon mai da ɗan yatsa, ka ɗaure da hannu kawai. Mai kana auna shi kamar maganin jariri. Baƙin da ya fito ba ka taɓa zubar da shi a kwata ba, galan kake sa shi ka kai wa bakanike.

Ni aikina guda ne. Kafin ka taɓa notin ƙasa sai ka miƙo min makullin motar, ka ce, “Auta, sa a aljihu. Kada ka ba kowa, ko ni ne na roƙe ka, sai ka ga mai a gejin awon mai da idonka.” Kakan ce injin da ba mai a cikinsa minti biyu ya ishe shi ya lalace, kuma ɗan Adam mantau ne. Shekara shida ina riƙe maka makulli ina dariya.

Ran nan ma haka muka yi. Ka kwance noti, mai ya zuba, ka fito ka zauna kan benci kana goge hannu. Na san halinka, sai ɗigon ƙarshe ya sauka za ka tashi, ko da awa guda ce. Gajen haƙuri ya kama ni, na ce bari in je aski in dawo. Ka ce, “Je ka, amma kan naka ai ba abin da ya rage a aske.” Maganar da ka yi min ta ƙarshe ke nan, kuma na tafi da makullin a aljihuna.

Ina kan kujerar aski waya ta shigo. Ashe da Anti, matarka, ta fito kawo maka shayi, a ƙasa ta same ka. Babbar 'yarku ta birkita falo da ɗaki tana neman makullin motar, ba ta gani ba, sai maƙwabcinku tela ne ya ɗauke ka a tasa. Likita ya ce min ko a ƙofar asibiti ka faɗi, da wuya ka tashi. Na ji shi da kunne, amma zuciyata ba ta ji ba. Kwana tara ina karɓar gaisuwa, makullin nan yana aljihuna yana cina kamar garwashi. Na kasa shiga wajen Anti, na kasa haɗa ido da 'yarka. Tsoro nake su ce ni na hana a kai ka da wuri, don ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

A kwana na goma Anti ta aika a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ajiye makullin a gabanta, na ce ta yafe min. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Auta, ka zuba man?” Na ce a'a. Ta ce, “To ɗauke abinka. Ba cewa ya yi kada ka ba kowa ba? Da mun sami makullin ran nan, da a tsakiyar titi za ta tsaya da shi, mu rasa mai ɗaukarmu. Tashi ka ƙarasa wa yayanka aikinsa, ba ya son a bar abu rabi.”

Na shiga garejin, Yaya, komai yana inda ka bar shi: daron baƙin mai, noti da sabuwar wosha a kan tsumma, filta a kwalinta, mazurari a bakin galan. Ɗigon da kake jira ya daɗe da sauka. Na kwanta a kan kwalinka, inda shatin bayanka yake, sai na ga ashe hannuna ya haddace abin da idona ya yi shekara shida yana kallo. Na ɗaure noti da filta, na zuba mai, na zaro geji na ga mai ya kai layi. Sannan na sa makulli na murza.

Da ƙarar injin ta cika gidan sai na jiyo kukan Anti daga ɗaki, domin wannan ƙarar ce take gaya mata ka gama, ta zuba maka abinci. Na kai hannu zan kashe, 'yarka ta leƙo da jajayen idanu ta ce, “Baffa, Umma ta ce ka bar ta ta ɗan yi.” Na bar ta, na kifa kaina a sitiyari na yi kukan da na kasa yi a maƙabarta.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da 'ya'yanka huɗu, da jikokinka bakwai, da abokan aikinka da maƙwabta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Jikoki sun ce Lahadi mai zuwa layin ƙaramarsu ne, kuma ni zan ja. Makullin yana hannun Anti yanzu, na mayar da ajiyarka bayan na ga mai da idona.