Tafintan Lemon Tsami

Lambros Kaloyeras mai aski ne a wani ƙaramin gari na bakin teku a Girka. Da ƙuruciya ya yi kuku a jirgin ruwan da ke zuwa Odessa ta Tarayyar Sobiyat, ya dawo yana cika baki wai yana jin Rashanci kamar a can aka yanke masa cibi.

Bakin nan shi ya ja masa. Da aka gama yaƙin basasa, 'yan sanda suka ce duk mai jin harshen kwaminis ai kwaminis ne. Masu zuwa aski suka watse. Sajan Manthos kaɗai ke zuwa, wai sa ido yake yi, a aske shi kyauta ya tafi.

Ana nan sai gwamnati ta lura abin da ƙasar ke sayowa daga waje ya fi wanda take sayarwa. Ga lemon tsami yana ruɓewa a gonaki, Turawan yamma sun ce nasu ya ishe su. Aka ce to, a gwada kwaminis, su ma suna shan shayi.

Rana ɗaya sai ga magajin gari da kansa a shago, yana washe baki.

"Malam Lambros, ɗan'uwa! Jibi baƙi za su zo daga Mosko. Kai ne tafinta."

Lambros ya koma gida jiki ba ƙwari. Matarsa Evdokiya ta dube shi.

"Yau kuma wa ya mutu?"

"Ni. Evdokiya, Rashancina fa na kicin ne. Albasa, gishiri, kawo, da sauri. Iyakarsa ke nan."

"Kai, amma ka cuce mu! Shekara da shekaru muna shan wuya a kan albasa?"

Baƙi suka iso, babbansu wani ƙato mai suna Arkadi. Ya yi jawabi mai tsawo. Kowa ya zuba wa Lambros ido.

"Ranka ya daɗe, ya ce yunwa yake ji."

Nan da nan aka jere gasasshen rago da kwalaben giyar uzo. Arkadi ya yi mamaki, amma ya zauna ya ci ya yi nak. Magajin gari ya miƙe ya yabi lemon garinsu, ƙamshinsa da ruwansa, ya ce a fassara. Lambros ya share zufa, ya daki tebur.

"Albasa! Albasa da gishiri! Kawo, da sauri!"

Arkadi ya fashe da dariya har da hawaye, ya rungume Lambros ya sumbace shi a kumatu, a gaban Sajan Manthos. Farashi kuwa da yatsu aka daidaita shi.

Lemo ya tafi, taraktoci suka zo a madadinsa. Shagon Lambros ya cika, har limamin coci ya dawo gyaran gemu.

Da shekara ta zagayo, Mosko ta aiko tana son lemo kamar bara, haɗe da albasar nan da tafinta ya nace a kanta. A garin kuwa ba a taɓa noma albasar sayarwa ba. Magajin gari ya zo shago a fusace.

"Wa ya yi musu zancen albasa?"

"Ranka ya daɗe, hangen nesa ne na yi."

Dole aka shuka, ta kuma yi kyau. Har Lambros ya tsufa ana zuwa neman shawararsa kan cinikin ƙasashen waje, shi kuwa bai taɓa hana kowa ba.