Jinin da Aminina Ya Juye Mini Daga Ƙaho

Lokacin da abin nan ya same ni, ni magidanci ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, manomin dawa da masara a wani ƙauye kusa da Kiru. Ƙarfi kam Allah Ya ba ni, ban san hanyar asibiti ba. Ina da amini wanzami, tare muka tashi, shi ya yi wa 'ya'yana kaciya. In ya ce mini abu fari ne, ba na ko dubawa.

Wata damina ina tsakiyar huɗa sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji, ciwon ya gangara hannun hagu, gumi ya rufe ni. Aka garzaya da ni Kano. Likita ya ce kitse ne ya taru a bangon jijiyar da ke ciyar da zuciyata, har wurin ya tsage. A cikin jini kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni. Da sun ji tsaguwa sai su yi dafifi, su manne da juna, su zama guda. A fata rahama ce, amma a siririyar jijiya gudan nan shi ke datse hanya. Ya ba ni maganin da zai hana su mannewa, ya ja kunnena kada in tsallake ko kwana ɗaya.

Wata huɗu ina sha, garau. Sai aminina ya fara zolayata, wai na zama bawan ƙwaya. Ya ce mataccen jini ba a lallashinsa, fitar da shi ake yi da ƙaho, sai dai in ajiye maganin tukuna, don mai shansa in an tsaga shi jini ba ya tsayawa da wuri. Ni kuwa sakarai, na ajiye. Ranar kasuwa, a gaban jama'a, ya kafa mini ƙaho a baya, ya juye baƙin jini guda-guda a ƙasa, ya ce ga abin da ya toshe mini zuciya nan. Wallahi har hawayen godiya na yi.

Ban cika mako biyu ba na faɗi ina alwalar azahar. Da na farfaɗo a asibiti na ba da labarin ƙahon, likita ya ce ko jinin jariri aka tara a ƙaho sai ya daskare, kuma wani sashe na zuciyata ya mutu, ba ya dawowa.

Duk wannan na ɗauke shi ƙaddara da rashin sani, har ranar da na koma ganin likita. Wa zan gani a kan benci riƙe da kati? Aminina! A gabana ma'aikaciyar jinya ta gaishe shi gaisuwar sanayya, ta yaba masa wai shekara biyu bai taɓa fashin maganinsa ba. Ashe ciwonmu ɗaya. Ya sunkuyar da kai. Daga baya ya aiko cewa in gari ya ji wanzami na shan ƙwayar asibiti, wa zai sake zama gaban ƙahonsa?

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Fartanya ta fi ƙarfina yanzu, shi kuwa yana yawonsa ƙalau. Laifina ne da na fifita kunyar aboki a kan raina, na yarda. Amma 'yan'uwa, duk wanda ya ce ku ajiye maganin da likita ya ba ku, ku fara tambayarsa shi me yake haɗiya in ya shiga ɗakinsa.