Isaka Tafinta, wanda ya dawo mana da jirgin gida

Da safen nan ina zaune da kofin koko a hannu, ko ƙosai ban gutsura ba, aka buga mini waya daga Maamobi aka ce Isaka Tafinta ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kokon yana nan inda na ajiye, ya yi sanyi. Bayan la'asar za mu yi wa Isaka sallah. Ina so in rubuta wannan kafin in fita, saboda ya bar mini wani saƙo, kuma ban san ko zai isa inda aka aike shi ba. Ku yi haƙuri da tsoho mai jan magana, ku karanta har ƙasa.

Yaran yanzu sun san shi a matsayin dattijon nan siriri mai gyaran rediyo, wanda ba ya rabuwa da hula ko a cikin zafi. Mu kuwa mun san shi da wani aiki daban.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da bidiyo ya shigo unguwarmu ta Nima, ƙanena ya aiko mini da talabijin da dek na kunna kaset daga Jamus. Na share zauren gidanmu da ke kusa da babbar gota, magudanar ruwan nan, na jera benci, na rataya baƙin labule a ƙofa. Shi ke nan na zama mai sinima. Amma finafinan na Turanci ne, kuma irin Turancin nan na hanci, wanda ko masu makaranta sai sun karkata kunne. To, sai Allah ya kawo mini Isaka.

Yakan tsaya a gefen talabijin, ya rage sauti, ya riƙa mayar da maganar Turawa Hausa.

Gaskiya ita ce Turancin Isaka bai fi nawa da yawa ba. Abin da ya ji ya faɗa, abin da bai ji ba ya cike da nasa. A bakinsa sojan Amerika yana rantsuwa da Allah, yana zagi da yaren Ga, in ya ji tsoro ya kira sunan uwarsa. Idan aka zo inda namiji da mace za su haɗa baki, sai Isaka ya gitta gaban allon da faɗin rigarsa ya ce suna gaisawa ne, gaisuwar ƙasarsu tana da ɗan tsawo.

Ni a gaban kakata na tashi, tatsuniya ce abincin darenmu. Na san mai iya labari in na ji shi. Isaka ya iya.

Akwai wani makaho da ke zuwa kallo, Malam Dogo. Kullum Isaka yakan ajiye masa wuri a bencin gaba, ya riƙa ƙara masa bayanin launin kaya da yanayin fuska. Wasu suna gunaguni wai yana ɓata lokaci. Bai taɓa dainawa ba.

To ga abin da ya sa sunansa ya zauna a Nima.

Mun taɓa nuna wani fim na sararin samaniya. Mutane ne suka hau ƙaton jirgi suka tafi wata duniya neman wasu duwatsu masu haske, masifa ta afka musu, wasu suka gudo, aka bar wasu a can. A nan kashi na farko ya ƙare. Unguwa ta daɗe tana zancensa, a wajen mai shayi, a cikin turoturo, motar hayarmu, har a bakin masallaci in liman bai fito ba.

Sai labari ya zo cewa an yi kashi na biyu, kuma wai dukiyar da aka zuba a kansa ta isa a yi wa Nima kwalta har cikin ɗakuna. Na bi ta hannun wani da ya dawo daga waje na samo kaset. Ranar Sallah ƙarama ya iso hannuna, ana sakkowa daga idi. Mai zane ya riga ya zana mana fosta a kan buhun fulawa, shi ma bai ga fim ɗin ba, ya sa wa jirgin haƙora.

Ba mu samu damar duba kaset ɗin ba. Jama'a sun riga sun cika layi.

Bayan azahar muka fara. Ban taɓa ganin zauren nan ya cika haka ba. Samari da sabbin shaddoji suna zufa, mata a baya da goyo, wasu a kan taga. Garba mahauci ya zo da yaransa na mayanka suka cinye benci guda. Sannan ga Iya Ladi, tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Malam Atta, wadda ba ta taɓa taka ƙofata ba, ta zo da 'yar kujerarta ta zauna a tsakiyar hanya.

Kowa ya san labarin Iya Ladi. Ɗanta ya tafi Legas neman kuɗi. Shekarar da aka koro mutanenmu daga can, kowa ya dawo da jakarsa a ka, nata bai dawo ba. Wani ne ya gaya mata wai a fim ɗin nan za a koma a ɗauko waɗanda aka bari.

Fim ya yi kyau, ban rage masa komai ba. Ƙanen ɗaya daga cikin waɗanda aka bari shi ya ja sabon jirgi ya koma. Da ya tarar da wansa a raye, gemu har ƙirji, zauren ya ɗauki kabbara kamar an ga wata. Da wasu halittu na ƙarfe suka biyo su, mata suka rufe wa 'ya'yansu ido suna leƙe ta tsakanin yatsu. Garba yana ta ba matuƙin shawara, wai ya bi ta hagu, cale, wato aboki, ta hagu. Wani a baya ya ce shi bai yarda akwai inda mutum zai yi iyo a iska ba, aka ce masa ya yi shiru ko ya fita.

Suka loda jirgi da duwatsun nan, suka kamo hanyar gida. Mai ya fara ƙarewa. Jar fitila tana ta walƙiya. Ta tagar jirgin aka hango duniyarmu, 'yar ƙarama kamar ƙwayar tasbaha.

Sai allon ya yi yayyafi.

Sai ga wata Baturiya tana murmushi, tana tallar sabulun wanki.

Ashe wanda ya naɗo mana daga talabijin ɗin can, kaset ya ƙare masa ko kuwa matarsa ta naɗi wani abu a kai, Allah ya sani. Na mayar baya, na hura dek, na buga shi a gefe. Baturiya dai da sabulunta.

Jama'a, na ji tsoro a ranar nan. Ƙofa ɗaya ce, kuma mutane sun toshe ta. Na ji benci ya karye. Wani ya ɗura zagi ya ce kwasiya, wani ya ce a fito da mai gidan. Garba ya miƙe, kuma in Garba ya miƙe haske yakan ragu a ɗaki. Ina kallon talabijin ɗin ƙanena ina yi masa ban kwana a zuciya, ina tunanin yaran da ke ƙasa in aka fara turmutsitsi.

Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Ƙarshen suke so.

Cikin hayaniyar nan Iya Ladi ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga murya ba, amma aka yi tsit, don ta haifi yawancinmu.

Ta ce, "Isaka, kai da kake jin maganarsu. Sun iso gida?"

Na san bai gani ba. Ya san na sani. Ya dube ni sau ɗaya, ya kashe talabijin, ya hau kan bencin da bai karye ba, ya gyara hularsa.

Ya ce, "Iya, sun iso. Amma ku zauna ku ji yadda aka yi."

Kuma suka zauna.

Ya ce matuƙin ya duba ya ga jirgi ya yi nauyi, man da ya rage ba zai kai mutane da duwatsu tare ba. Sai a zaɓi ɗaya. Ya ce aka yi gardama, wani ya ce ina amfanin komawa hannu wofi bayan shekarun nan, da wane ido zai dubi mutanen unguwarsu. Shi kuwa wan, mai gemun nan, ya ce shi dai ƙamshin tuwon uwarsa yake ji. Ya buɗe ƙofa ya fara watsar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Isaka ya ce wani ya ɓoye guda a cikin safa, jirgi ya ƙi tafiya sai da aka cire masa takalmi. Garba ya ce wallahi ya san irin mutumin nan, akwai shi a mayanka.

Ya ce jirgi ya faɗo a teku, ba a Amerika ba, a nan bayan Chorkor. Masunta suka jawo su da taru suna zaginsu wai sun kori kifi. Suka hau turoturo, ba su da na mota, yaron mota ya ce ko daga wata suka fito sai sun biya.

Zauren ya fashe da dariya, har da waɗanda suka karya mini benci.

Ya ce da suka iso ƙofar gida, uwar tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta tambayi abin da suka kawo ba. Ruwa ta ɗebo musu.

Iya Ladi ta ce alhamdulillahi, ta ɗauki kujerarta ta fita. Aka buɗe mata hanya.

Da aka watse na ga rigar Isaka ta jiƙe sharkaf. Ya ce mini, "Yaya, gobe ka duba kaset kafin ka kashe ni."

Daga baya mun samo cikakken kaset, muka sake nunawa. A na Turawan jirgin bai iso ba. Ya karkata wani wuri, rubutu ya fito, wai a jira kashi na uku. Nima ta ƙi yarda. Garba ya ce wannan jabu ne, an yanke na gaskiyan. Wata mata ta ce ita da idonta ta ga masuntan nan a kallon farko. Har yau akwai tsofaffin da za su rantse maka sun ga an cire wa mutumin takalmi.

Kwanakin baya jikokina suka dawo daga sinimar mol, babban kantin nan na zamani, suna ta faɗa a kan wani sabon kashi na biyu, wannan ya ce ya fi na farko, wancan ya ce an ɓata shi, kowa yana karanto abin da mutane suka rubuta a waya. Na ce musu ku dai ba ku da Isaka ne.

Yanzu ga abin da ya hana ni shan kokon nan.

Isaka yana da ɗa, Basiru. Shekaru ke nan da ya bi hanyar Agadas ya shiga Libiya. Da farko yana kira. Daga baya ya ce ya tsallaka ruwa. Daga nan shiru. Wani ya ce ya gan shi a gonar tumatir a Italiya, wani ya ce ba shi ba ne. Wani kuma ya ce yana nan da rai, kunya ce ta hana shi kira, don abokan tafiyarsa sun gina gidaje shi ko bulo bai aiko ba. Ba mu san wanne ne gaskiya ba.

Matar Isaka, Ramatu, hawan jini ya kama ta a kan wannan. Abin da ya riƙe ta shi ne mijinta. Kullum da yamma yakan zauna ya ba ta labarin inda yake jin Basiru ya kai, irin aikin da yake yi, irin sanyin garin. Ta san shi sarai, ta san sana'arsa. Amma tana saurara, kuma tana cin abinci bayan nan.

Yau wa zai zauna mata?

Juma'ar da ta wuce na biya ta wajensa bayan an sakko. Yana kan benci a ƙofar gida, wata tsohuwar rediyo a cinya, bai ma kwance ta ba. Ya rame. Na tsokane shi na ce Tafinta, ko an rage maka sauti ne. Ya yi dariya har ya yi tari.

Can ya ce, "Yaya, duk fim ɗin da ya yanke na ƙarasa shi. Na yaron nan ne ya gagare ni."

Na ce Allah zai dawo da shi.

Ya nuna wayar da ke aljihuna ya ce ya ji wai mutanenmu na ko'ina suna karanta ni a cikinta. Ya ce, "In ka gamu da shi a nan ciki, ka ce masa ba mu aike shi neman duwatsu ba."

Na ce zan rubuta. Ban san sai bayan ransa saƙon zai fita ba.

To 'yan Nima da Maamobi da ke Italiya, da Jamus, da Spain, da waɗanda ke Libiya har yanzu, ina roƙonku don Allah. Ku tura wannan a gurup ɗinku na waya. Wanda ya san Basiru ɗan Isaka Tafinta, dogo ne, yana da tabo a gira ta hagu, ya gaya masa babansa ya rasu. In kuma wani labari ne daban kuka sani, mai nauyi, ku turo mini ni kaɗai, kada ku rubuta a ƙasan nan. Ramatu tana da masu karanta mata.

Basiru, in kai ne kake karantawa, ba za ka riski jana'iza ba, kada wannan ya tsayar da kai. Ka kira uwarka yau. Ba wanda zai duba hannunka. Ruwa za ta ɗebo maka.

Allah ya jiƙan Isaka, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya sanyaya zuciyar tsohuwa a ranar da ba shi da komai sai bakinsa, Allah ya sanyaya masa makwanci. Allah ya ba Ramatu haƙuri da lafiya, ya jiyar da ita muryar ɗanta.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin nan nawa, da wanda bai taɓa ba, ku yi masa Fatiha. Ku haɗa da Basiru, da duk 'ya'yanmu da ke kan hanya.

Ni zan tashi in yi alwala. Wayata tana kunne.