Sadakar Yayana a Kasuwar Kabeji

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa taka maƙabarta ba. Mu 'yan gidan mutunci a tsakar gida muke kukanmu, maza su kai gawa. Sai da na tsufa, ana gab da shiga shekara ta dubu biyu, na bi ɗana Guangzhou sarin kaya, sannan aka jarrabe ni.

Ya dawo daga Juma'a ya ce, "Hajiya, ashe garin nan akwai maƙabartar sojojin da suka mutu a Boma."

Boma! Can Turawa suka kai yayana yaƙi ina budurwa. Ko hularsa ba ta dawo ba, balle a nuna mana makwancinsa.

Na ce, "Kai ni."

"Hajiya, nasu ne fa, 'yan China. Kuma ke da ba kya shiga maƙabarta?"

"Daji ɗaya ya cinye su. A bakin ƙofa zan tsaya in yi masa addu'a. Kada ka koya mini addini, ni na goya ka."

Muka sauka wajen unguwar Tianhe, muka kutsa wata kasuwa: kifi, ganye, wanduna a rataye. Ina tafe ina latsa tumatir, ina raina musu albasa. Da na gaji na ce, "Wai ina ƙofar?"

Ɗana ya tambayi wata tsohuwa mai kabeji da kwatancen hannu. Ta nuna wata hasumiya da gidaje suka matse, sannan ta buga ƙafarta a ƙasa. Ƙofa kam mun baro ta tuntuni. Ashe kasuwar ta cinye maƙabartar, a ciki nake, da takalmina, ina taya tumatir.

Ni da na tsufa da haushin ba a gina wa yayana komai ba. To, ga waɗanda aka gina wa.

Tunda an riga an shiga, na ɗaga hannu na yi addu'ata, mai kifi yana fantsama mini ruwa a zane. Na zaro dabino daga jaka na miƙa wa tsohuwar, ladan ga yayana. Ta ɗora shi a sikeli, ta danƙa mini kabeji. Na mayar, ta mayar.

"Kai, gaya mata sadaka ce!"

"Hajiya, ni sunan kaya kawai na iya da yarensu."

Muka ci kabejin da yamma, ba laifi. Da na koma Kano na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce ladan ya isa, ɗaya ya ce ciniki na yi.