Haƙorin da Mma Azeta ta ɓoye shekara tara

A layin masu kifi na kasuwar Tamale, in gardama ta kaure a kan wani ɓarin banda, ba a tsayawa rantse-rantse. Mma Azeta ake kai wa. Ita kuwa ko tashi ba ta yi daga kujerarta. A miƙo mata ƙaya ɗaya, ta murza ta a yatsu, ta ce, "Ƙurungu ne, kuma na tafki, ba na kogi ba." Shi ke nan, kowa ya koma kan tirensa.

A bakin kogin Yapei aka haife ta. Uwarta na bandar kifi, ita tana tsince ƙayoyi tana jera su a tabarma, sauran 'yan mata na can suna goya 'yar tsana. Da aure ya kawo ta unguwar Dabokpa a Tamale, ta zo da tukwanenta da wannan ido nata. Shekara ashirin tana faɗin magana guda ga duk wanda ya tsaya gabanta: babu kifin da Allah ya halitta da za a nuna mata ƙayarsa ta kasa faɗin sunansa. Da wannan maganar aka san ta, da ita take taƙama.

Mijinta Ɗankande falken shanu ne, mai yawan dariya, yana hawa arewa har ƙasar Faransa, wajen Tawa. Wata shekara ya dawo ya miƙa mata dutse a matsayin tsaraba.

"Wasu mazan turare suke kawowa," in ji ta.

"Ki duba dai. A tarin ƙasar masu haƙa rijiya na tsince shi. Ya yi mini kama da abin da kike sa mu tofarwa kullum."

Ta duba. Ɗan kewayayye ne, kowane gefe da rami, sak gaɓar ƙashin bayan kifi, amma da nauyi. Ta cija, haƙorinta ya amsa. Ta jiƙa shi kwana uku ko zai yi laushi, ya fito yadda ya shiga. A ce an sami kifi a ƙarƙashin ƙasa bai ba ta mamaki ba, don tun tana yarinya ta sha ganin ana tono gaiwa da fartanya cikin busasshen taɓo da rani. Abin da ya dame ta shi ne, wane kifi ne wannan?

Daga nan Ɗankande ya samu sabon aiki. Duk tafiya sai ya dawo aljihu na ƙara, ita kuma ta shimfiɗa auduga a gwangwanin biskit tana jerawa. Dabararta ɗaya ce: ta dafa kifin da take zato, ta shanya ƙashinsa, ta ajiye kusa da dutsen ta gwada. Saboda wani tsinken dutse guda, wata biyu gidan suna cin tarwaɗa safe da yamma, har Ɗankande ya ce ya fara jin gashin bakinsa yana motsi da kansa.

Guda ɗaya ne ya gagare ta. Mai kusurwa uku ne, tsawon gaɓar babban yatsa, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, gefensa kamar zarto. Haƙori ne, ba ta tantama. Ta gwada shi da na kifin tsage, bai yi ba. Ta gwada da na yauni, ko kusa. Har wajen mafarauta ta je ta ga na kada, ta tarar nasa zagayayye ne. Sai ta ƙulle shi a tsumma, ta tura ƙasan tsohuwar tukunyar daddawa, ta ci gaba da faɗin maganarta a kasuwa, amma duk sanda ta faɗa sai ta ji tukunyar nan a ranta. Haka har shekara tara.

Shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, wani malamin makaranta a unguwar Sakasaka, Ticha William, mutumin kudu, ya shirya baje kolin abubuwan ƙasa a harabar makarantarsu. Matarsa Adjoa ce ta kai masa labarin gwangwanin. 'Yar masunta ce daga bakin teku, tana sayen kifi wajen Azeta, kuma ba ta taɓa saye ba tare da ta yamutsa hanci ta ce kifin kogi warin taɓo yake ba.

"Mma, ka ba ni aron dutse naka kwana ɗaya," in ji Ticha da Hausarsa ta kasuwa.

"Ai ba na ƙasar nan ba ne, Ticha. Daga Tawa suke."

"Shekara nawa suna Tamale?"

"Sun fi goma."

"To sun zama 'yan Gana. Ni ma ban kai haka ba."

Ta yarda, bisa sharaɗin ita za ta zauna a teburin.

Ran bikin, da hantsi, aka jera duwatsun a kan farin ƙyalle tsakanin teburin saƙa da na doya. Rabin layin masu kifi sun zo kallo, har da Lariba, maƙwabciyar tirenta, wadda ta daɗe tana jiran ranar da Azeta za ta yi tuntuɓe. Ticha yana rubuta suna a 'yar takarda yana ajiyewa gaban kowane dutse. Da ya zo kan wani mai tudu-tudu kamar kunyoyin gona, ya buɗe littafinsa ya ce na wani babban ƙadangare ne na zamanin da.

"Gaiwa ce," in ji Azeta.

"Mma, littafi ya ce..."

"Littafin ya taɓa cin gaiwa?"

Ta buɗe kwanon da ta zo da shi, ga dafaffen kan gaiwa. Ta sa yatsa ta ɓanɓaro farantin haƙorin gaiwar, ta goge da bakin zane, ta ajiye kusa da dutsen. Tudu uku nan, tudu huɗu can, amma ƙira ɗaya ce, sai dai na dutsen ya ninka girma. Ticha ya cire tabarau, ya mayar, ya yaga takardarsa ya rubuta sabuwa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Daɗi ya kwashi Ɗankande. Ya kutso cikin mutane yana lalube a aljihun rigarsa. "Ticha, ai ba ka ga komai ba. Azeta, kin manta da mafi kyawunsu a tukunya, na ɗauko miki." Ya kwance tsumman, ya ɗora haƙorin nan mai sheƙi a tsakiyar ƙyalle.

Ticha ya ɗaga alƙalami. "Wannan fa, Mma?"

Azeta ta yi wa mijinta kallon da ya sa ya soma gyara hula ba dalili. Ta dubi Lariba, wadda ta riga ta naɗe hannu a ƙirji. Da za ta ce na babban tsage ne, babu mai musa mata a wurin, Ticha zai rubuta, a tashi lafiya. Kalmar har ta zo mata baki. Amma yanzun nan ta sa mutum ya yaga takarda don ba gaskiya ya rubuta ba.

"Ban sani ba," in ji ta.

"Me kika ce, Yaya?" in ji Lariba, tana kara hannu a kunne. "Hayaniya ta yi yawa, ban ji ba."

"Na ce ban sani ba, Lariba. Shekara tara ban sani ba. Ki kai kasuwa tun yana da zafi."

Sai ga Adjoa ta leƙo ta kafaɗar mijinta, ta tafa hannu. "Ei! Wannan? A ƙofar babana akwai baki ɗaya cike da shi, layi-layi. Babban kifi na teku, yana cin mutum." Ta faɗi sunansa da yarensu na Fante, Ticha ya ce Turawa shak suke ce masa.

"Kifi ne dai?" in ji Azeta.

"Kifi ne, Mma."

"To, wannan na sani tun farko. Sauran kuwa, Madam, ba na karɓar suna da baki. Kawo ƙashi."

Bayan hutun Ista Adjoa ta sauka daga lori da muƙamuƙin kifin naɗe a buhu, yana warin gishiri. A nan tasha Azeta ta gwada, haƙorin ya zauna cikin 'yan uwansa kamar jiya ya faɗo. Da ta tambaya me ya kai kifin teku Tawa, inda ruwan sha ma sai an haƙa gaba ashirin, Ticha ya ce a da can teku ce ta rufe wurin. Ɗankande ya ce ashe shekara talatin yana kora shanu a ƙasan teku babu wanda ya gaya masa.

Lariba ta ci kasuwar "ban sani ba" wajen wata guda, sannan wani ɓarin banda ya rikita ta, ta kawo wa Azeta da kanta. Azeta ta rataye muƙamuƙin a saman rumfarta, kuma ta yi wa maganarta gyara. Har ta tsufa, in baƙo ya tsaya gaban tirenta, cewa take, "Kifin ruwan daɗi, nuna mini ƙaya in faɗa maka sunansa. In na teku ne, ka jira Madam, tana zuwa ran Asabar ta zagi kifina."