Dakta Mai Zuba Ido

In ka tambayi Auta me yayanta yake yi a jami'a, cewa take: "Kallo." Kuma ba ƙarya ta yi masa ba. Aikin Dakta shi ne ya zaunar da mutum a wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kyamara a kusurwa, ya miƙa masa waya ko kwamfuta, ya ce ya biya kuɗin wuta ko ya aika hoto, shi kuma ya koma gefe ya zuba ido. Inda mutum ya rikice, nan Dakta yake samun abin rubutawa. Dokar aikin ɗaya ce, kada ka taimaka. In ka nuna wa mutum inda zai danna, ka rufa wa na'urar asiri ke nan. Har zama yake a kan hannuwansa don kada su kai ɗauki.

A wajen aiki abin ya karɓe shi. Masu bincike a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna ambaton sunansa a rubuce-rubucensu, shi kuma yana leƙa adadin masu ambaton nasa kowace safiya kamar mai kiwon kaji.

Matsalar ita ce ba ya barin halin a ofis. Ranar da matarsa ta sayo injin wanki, yana tsaye a bakin ƙofa tana fama da maɓallai, ruwa na malala a ƙasa, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Me kike tsammanin zai faru in kin danna wancan?" Allah ya ba wa matar nan haƙuri. Da Auta ce, da jiƙaƙƙen tawul ya sha.

To, Inna, mahaifiyarsu, tana da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da ba ta yarda kowa ya canza mata. A cikinta akwai saƙon murya na ƙarshe da marigayi Baba ya aiko mata daga gadon asibiti. Ba wata doguwar magana ba ce. Cewa ya yi ta taho masa da tabarau, sannan ya yi tari, ya yi 'yar dariya, ya ce kada ta hau mota da yunwa. Kullum da safe sai ta saurara kafin ta karya. Duk gidan an san da wannan, har Dakta.

Wata Asabar wayar ta fara ƙorafin ta cika. Auta na kicin, hannunta duk kumfar sabulu, ta ji Inna na cewa, "Dakta, zo ka rage min tarkacen nan."

"Gwada da kanki tukuna, Inna, mu gani."

Auta ta leƙo. Ga Inna ta kanne ido tana bin gilashin da ɗan yatsa, ga Dakta a gefenta, hannuwa a ƙarƙashin cinya. Wayar ta fito da tambaya cikin ƙananan haruffa, da maɓallai biyu masu launi ɗaya. Ya karanta, ya gane saƙonni za ta share gaba ɗaya. Daga baya ya rantse wa Auta cewa ya zaci gargaɗin zai tsayar da ita, so yake kawai ya ga ko zai tsayar ɗin.

Bai tsayar ba.

Ya kai wayar wurin masu gyara, ya kira abokan aikinsa, ya kwana biyu ba ya cin abin kirki. Muryar Baba ta tafi. Inna ba ta yi masa faɗa ba, wannan ne ma ya fi ƙona wa Auta rai, domin ita dai ta yi, har maƙwabta suka ji.

Sai me? Sai bawan Allah ya zauna ya mayar da abin takardar bincike. Ya rubuta cewa tambayar "ka tabbata?" ba ta tsare kowa, gara na'ura ta ajiye abin da aka share na ɗan lokaci ko mai shi zai dawo nema. A ciki ya kira Inna "wata dattijuwa". Auta ta ce ihu bayan hari. Amma takardar ta fi duk abin da ya taɓa rubutawa tafiya, ana koyar da ita, wasu kamfanoni ma sun gyara manhajarsu saboda ita. Auta ba ta musun cewa akwai tsofaffi da yawa da ta cece su. Haushinta dai yana nan.

Ranar da aka ba shi lambar yabo, gidan Inna ya fara kawo ta. Ya tarar da ita a falo tana kokawa da sabuwar wayar da Auta ta saya mata, tana neman lambar wayar ƙanwarta. Auta na ɗaki tana ninke kaya, ƙofa a buɗe. Ta ga ya ajiye lambar yabon a kan kujera, ya durƙusa, ya miƙa hannu tun ba a roƙe shi ba.

"Kawo in duba miki, Inna."

Inna ta dubi hannun nasa. Ta kife wayar a cinyarta, ta ja gefen zani ta rufe.

"Allah ya yi maka albarka, bar shi," ta ce. "Auta zan jira. Ita ba ta tsayawa kallo."